Waiwaye: Yadda Gyare Ya Shiga Kasuwar Duniya, Da Inda Lissafin Ya Kwana

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san lokacin gyare. Damina ta yi nisa, ƙasa ta yi laushi, yara su bazu cikin gona suna neman ɗan tudun ƙasar da ya turo a bakin raminsa. A tona, a kamo, a fizge ƙafafu, a matse kashin, a jefa a garwashi. A yawancin ƙasar Hausa abin yara ne. A Binuwai kuwa Tibi da Idoma sun ɗauke shi abinci na sosai, har kasuwa ake kai shi. Namu ƙwaron na kasuwa fara ce, wadda ake saukewa buhu-buhu a Maiduguri da Kano da Maraɗi da Yamai, a soya, a barbaɗa yaji.

Kafin mu yi nisa, wani ɗan gyara. Ƙwaron da ake kiwo a duniya ba wannan ƙaton gyaren rami ba ne. Shi na rami kowa da gidansa yake zama, kuma sai ya ci kusan shekara kafin ya hayayyafa, don haka bai dace da kiwo ba. Wanda ake kiwo ƙaninsa ne, ya fi kusa da tsanyar da ke hana mutane barci a lungun ɗaki, masana suna ce masa Acheta domesticus, sai wasu 'yan uwansa biyu ko uku. Za mu ci gaba da ce musu gyare baki ɗaya.

Kiwonsa a matsayin sana'a bai fara don cikin ɗan Adam ba. A kudancin Amurka, tun shekarun 1940, akwai gonakin da ba su da aiki sai tara gyare suna sayar wa masu kamun kifi da ƙugiya. Daga baya kasuwar ta koma hannun masu ajiye ƙadangaru da kwaɗi a gida don sha'awa. A tsakanin 2009 da 2010 wata ƙwayar cuta mai shanye wa gyare jiki ta shiga gonakin Arewacin Amurka ta yi ɓarna mai yawa, har da yawansu suka canja iri. Tun a nan aka gane cewa ƙwaro ma, idan aka cunkusa shi wuri ɗaya, annoba tana cinsa kamar yadda take cin kaji.

Inda labarin ya yi armashi shi ne Tailan. Mutanen arewa maso gabashin ƙasar, yankin da ake kira Isan, sun daɗe suna cin ƙwari, domin ƙasarsu ba ta da albarkar noma kamar ta sauran sassa, kuma talauci ya fi yawa a can. A shekarun 1970 fara ta addabi gonakin masara, feshi bai yi maganinta ba, sai hukuma ta koma kiran jama'a da su kama su ci. Kafin a jima abin da ake kashe kuɗi a kashe ya zama abin sayarwa a bakin titi. Wato kasuwar soyayyen ƙwaro tana nan da ranta tun kafin a yi maganar kiwo.

A wajen 1997, shekarar da darajar kuɗin ƙasar ta rushe kuma leburori suka yi ta komawa ƙauyukansu daga Bankok, masana ƙwari na Jami'ar Khon Kaen suka fara koya wa manoma yadda ake kiwon gyare. Tsarin ba shi da wani tsafi. A gina kwami na siminti ko a sa akwati a ƙarƙashin rumfa, a jera kiret ɗin ƙwai na takarda don su sami maɓoya, a liƙa abu mai santsi a bakin kwamin don kada su hauro, a rufe da raga saboda ƙadangaru da tsaka. Ruwa a cikin faranti mai tsakuwa don kada ƙananan su nutse. Idan mazan suka fara kuka, lokacin ƙwai ya yi, sai a sa musu kwanuka da ƙaiƙayin shinkafa da yashi mai danshi su zuba ƙwai a ciki. A cikin kwana 45 ko kusa da haka an kwashe. Wasu sukan ba su kabewa a kwanakin ƙarshe don ɗanɗano ya gyaru. Bayanan da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 2013 sun nuna akwai gonaki kusan 20,000 a ƙasar, suna fitar da wajen tan 7,500 a shekara. Yawancinsu na iyali ne, a bayan gida, kuma mai saye yana kasuwar gari ko yana zuwa har ƙofa da motarsa.

A watan Mayun wannan shekara ta 2013 FAO, tare da Jami'ar Wageningen ta Holan, ta fitar da babban rahoton da ya tayar da ƙura. Ya ce mutane wajen biliyan 2 suna cin ƙwari, kuma an ƙirga sama da iri 1,900 da ake ci. Amma alƙaluman da suka fi yawo su ne na abinci: gyare yana buƙatar kilo 1.7 na abinci kafin ya ƙara kilo 1, kaza 2.5, saniya wajen 10. Kashi 80 cikin ɗari na jikinsa ana ci, na kaza 55, na saniya 40. Busasshensa kuma fiye da rabi furotin ne. Ga shi ba ya cin fili, ba ya shan ruwa da yawa.

Masu zuba jari suka ji wannan, sai rububi. A Amurka aka cika kantuna da garin gyare da alewar 'yan motsa jiki. A Finlan kamfanin Fazer ya fito da burodi a Nuwamban 2017, kowane ɗaya da garin gyare kusan 70 a ciki. Tarayyar Turai ta bi a hankali kamar yadda ta saba: ta amince da tsutsar gari, wato ta wani buzuzu mai cin garin hatsi, da fara a 2021, gyare daskararre da busasshe da garinsa a Fabrairun 2022, sannan a Janairun 2023 ta ba kamfanin Cricket One na Biyetnam izinin shigo da garin da aka rage wa mai. Doka ta ce a rubuta a jikin leda, domin wanda jikinsa ba ya son jatan lande zai iya samun irin wannan matsala da gyare. Singafo ta amince da ƙwari iri 16 a Yulin 2024.

Siyasa ma ta shiga. A Italiya gwamnati ta tashi tsaye a 2023 don kare taliya da fiza daga garin ƙwaro, aka kuma yi ta yaɗa ji-ta-ji-ta a Turai da Amurka cewa manya suna shirin ƙwace wa talaka nama su ba shi ƙwari. Mai tallan fara a Maiduguri da zai ji wannan rigima, dariya ce za ta kama shi.

Sai dai tun 2015 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka yi tambayar da ta kamata a fara da ita: shi gyaren me zai ci? Suka raba su rukuni-rukuni. Waɗanda aka ba abincin kaji sun yi girma, amma ribar furotin da suka bayar ba ta ɗara ta kaza da wani abin kirki ba. Waɗanda aka ba tattaka da ragowar abincin da ba a sarrafa ba, kusan duka suka mutu kafin su kai girman kwashewa. A Tailan ɗin ma abincin kaji ake ba su, kuma shi ne ke cinye kaso mafi girma na kuɗin kiwo. A ganina a nan maganar ciyar da dabbobi da gyare ta yi rauni. Idan sai ka sayi masara da waken soya ka ba gyare, sannan ka niƙa gyaren ka ba kaza, ka ƙara baki ne a tsakani. Gara tun farko ka zuba wa kazar.

Doka ba ta hana ciyar da dabbobi da gyare ba. Turai, wadda ta toshe sa furotin na dabba a abincin dabbobi tun 2001 saboda cutar haukan shanu, ta buɗe ƙofa ga ƙwari a abincin kifi a Yulin 2017, da iri bakwai, uku daga ciki gyare ne. A 2021 aka ƙara kaji da aladu. Shanu da tumaki har yanzu ba sa ciki. Amma wanda ya ci wannan kasuwa wani ne daban: tsutsar wani baƙin ƙuda mai kama da zanzaro, wadda ke cin ruɓaɓɓen kayan miya da dusar giya da sharar kasuwa, ta kuma isa kwashewa cikin kamar mako biyu. Ita ba ta takara da kaza a kan hatsi.

A Afirka, Kenya ce ta fi nisa. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi, wadda Farfesa Thomas Odhiambo ya kafa a 1970, ta daɗe a kan wannan aiki, har a 2018 masananta suka bayyana wani irin gyare da kimiyya ba ta yi wa suna ba a da, aka raɗa masa sunan cibiyar. Daga 2013 wani shiri mai suna Flying Food ya koya wa ƙananan manoma, yawancinsu mata, a yankin Tafkin Biktoriya na Kenya da Uganda kiwo a cikin bokiti da akwati. Nan ma cuta ta shiga ta yi musu illa. Ƙasashen biyu sun fitar da ƙa'idojin sa ƙwari a abincin dabbobi a 2017, kuma a can ɗin ma tsutsar ƙudan nan ce ta fi karɓuwa wurin masu kaji da kifi.

Labarin kamfanin Aspire ya isa misali a kan manyan masana'antu. Ɗaliban Jami'ar McGill ta Kanada ne suka kafa shi, waɗanda suka ci kyautar Hult, wata gasar ɗalibai ta duniya, ta dala miliyan 1 a 2013 da shawarar ciyar da talakawan birane da ƙwari. Sun taɓa kiwon tsutsar kwakwar manja a Ghana, suka yi gyare a Texas, sannan a 2022 suka buɗe katafariyar masana'anta a garin London na lardin Ontariyo a Kanada, wadda aka tsara ta fitar da wajen tan 12,000 a shekara, mafi yawa don abincin karnuka da kyanwoyi. A 2025 bashi ya kai ta hannun mai kula da kadarori bisa umarnin kotu. Gyare yana son zafi na wajen digiri 30. Manomin Isan kyauta yake samunsa, shi kuwa na Kanada sai ya saya da kuɗin wuta, ga albashi, ga injina, ga jama'ar da sai an lallashe su kafin su kai abin baki. Kamfanin Ÿnsect na Faransa, mai kiwon tsutsar gari, shi ma ya durƙushe bayan ya tara ɗaruruwan miliyoyin daloli. Da yawa kallon kitse suka yi wa rogo.

Mai karatu Musulmi zai tambayi hukunci, kuma da gaskiyarsa. Fara ba ta da gardama, hadisi ya ambace ta tare da kifi. Sauran ƙwari ne malamai suka saɓa a kai. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun tafi a kan hani. Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, ta halatta ƙwarin ƙasa idan ba su da cutarwa, da sharaɗin a kashe su da niyya ta hanyar da za su mutu, kamar tafasasshen ruwa ko wuta. Majalisar malamai ta Indonesiya ta ba da fatawa a 2000 da ta halatta kiwon gyare. Katar kuwa a Fabrairun 2023 ta sake jaddada cewa ba a sayar da abinci mai ƙwari a kasuwanninta.

A nan gida, tsadar masara da waken soya ta rufe gidajen kaji da dama a 'yan shekarun nan, shi ya sa maganar ƙwari take dawowa a tarukan masu kiwo. Wanda zai gwada gyare a Kano ko Damagaram zai sami zafi kyauta mafi yawan shekara, amma sai ya yi dabarar sanyin hunturu da bushewar iskarsa, da zafin bazara da kan wuce 40, da tururuwa. Abincinsu kuma daga buhun da yake ba kajinsa zai ɗiba. Masu kiwon zabi a karkara suna da tasu hanya tun kaka da kakanni: a cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan hanyar gara da yamma, da sassafe a ɗaga a zazzage wa 'yan tsaki.