Bikin Janmashtami ba fasa tukunya ba ne

Wanda ya saba kallon finafinan Indiya yakan ɗauka Janmashtami, wato bikin haihuwar Krishna, ɗaya daga cikin allolin Hindu, shi ne matasa su hau kafaɗun juna su fasa tukunyar nono. Wannan wasa sunansa Dahi Handi, washegarin bikin ake yinsa, kuma ya fi ƙarfi a jihar Maharashtra, musamman Mumbai.

Ainihin Janmashtami ibada ce ta dare. Yana faɗowa rana ta 8 bayan cikar farin wata, a Agusta ko Satumba. Mabiya Hindu sukan wuni da azumi, wasu ko ruwa ba sa sha, wasu suna cin 'ya'yan itace da madara amma ba hatsi. Da yawa ba sa buɗe baki sai ƙarfe 12 na dare, domin a imaninsu lokacin aka haifi Krishna cikin kurkukun sarki Kamsa a garin Mathura. Sai a yi wa gunkin jaririn wanka da haɗin abu biyar: madara, nono, man shanu, zuma da sukari. A sake ɗauraye shi da ruwa, a sa masa sababbin kaya, a kwantar a ƙaramin lilo ana kaɗawa ana waƙoƙi.

Wasan tukunyar kuwa kwaikwayon ƙuruciyar Krishna ne, wanda aka ce yana satar man shanu. Ƙarfafa ne a ƙasa, mafi rashin nauyi a sama, wani lokaci har hawa tara. Damina ce, 'yan kallo kuma suna watsa ruwa, kafaɗa ta yi santsi. Mutum ɗaya ya zame a tsakiya, duka su rufto. Shi ya sa aka hana ƙananan yara hawa.