Mene Ne LUG A Wajen Masu Amfani Da Linux?

Duk wanda ya fara shiga harkar Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, zai ci karo da haruffa uku: LUG. Taƙaitaccen suna ne daga Turanci, ma'anarsa rukunin masu amfani da Linux na wani gari ko wata makaranta. Babu kamfanin da ya naɗa su, babu mai biyan su albashi. 'Yan gari ɗaya ne kawai da suka ga gara su riƙa haɗuwa suna koya wa juna.

Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, a 1992 kuma ya sa ta ƙarƙashin lasisin GPL: kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. To amma manhajar da aka ba ka kyauta, wa za ka kai wa kuka idan ta ƙi tashi? Ga shi a shekarun 1990 intanet tafiyar hawainiya yake yi, sai dai wanda ya samu faifan CD ya kawo a kwafa.

Daga nan aka samu taron da suke kira installfest, wato ranar girka manhaja. Ka zo da kwamfutarka, wani ya zaro filashi daga aljihu, ya ce tukuna, kwashe hotunanka da takardunka, domin wajen raba ma'ajiyar kwamfuta gida biyu ake tafka asara. A gama girkawa, sai Wi-Fi ya ce bai san zance ba, mutum uku su duƙufa kan allo ɗaya har yamma. A ganina wannan duƙufar ita ce LUG ɗin, tambari da riguna duk ado ne.

Wasu manhajojin ma sun bi sahu. WordPress, manhajar gina shafukan intanet, na da tarukan gari-gari, ga kuma babban taronta WordCamp da aka fara a San Faransisko a 2006.

Kafa LUG ba shi da wuya: mutum uku ko huɗu, ɗaki mai wuta da soket, da tsayayyiyar rana a kowane wata. Riƙewar ce aiki. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke neman ɗaki, shi ke tura sanarwa a WhatsApp, shi ke sayo ruwa. Ranar da ya kammala karatu ko aka yi masa canjin wurin aiki, shiru kake ji. Shi ya sa waɗanda suka taɓa ganin haka suke raba aikin tun zaman farko: mabuɗin ɗaki a hannun wannan, sanarwa a hannun wancan.