Waiwaye: Yadda Cin Kitse Ya Jawo wa Akun Kea Kisan Shekara Ɗari

A Tsibirin Kudu na ƙasar Niyu Zilan akwai wani aku mai suna kea, wanda ke rayuwa daga dazukan gindin tsauni har can sama inda dusar ƙanƙara ke zuba. Tsawonsa kusan santimita 48 ne, nauyinsa kuma tsakanin giram 800 da kilo ɗaya. Jikinsa kore ne mai duhu, ƙarƙashin fikafikansa ja mai ratsin ruwan lemo. Masanin tsuntsaye John Gould ne ya fara bayaninsa a kimiyyance a 1856. Ba a daɗe ba bayan haka rigima ta tashi a kan abin da yake ci, kuma har yau ba ta gama kwanciya ba.

Asalin cimarsa tsiro ne, kuma tana bin lokaci. Idan sanyi ya fara ja da baya, sai ya koma wa toho da ɗanyen ganyen tawhai, bishiyar da ta mamaye dazukan tsaunin. Da furanni sun buɗe, ya shiga lasar ruwan zaƙin furen bishiyar rata da na tsiron harakeke da harshensa mai gashi-gashi a tsini. Daga baya 'ya'yan itatuwa su nuna, musamman na ƙananan tsiran Coprosma da totara na kan tsauni. Yana haɗiye su, ya kasayar da ƙwayar da ranta a wani wuri mai nisa, shi ya sa masana ke lissafa shi cikin manyan masu yaɗa irin tsirran tsaunin. Leɓen bakinsa na sama dogo ne, siriri, mai lanƙwasa. Da shi yake tonon saiwa, yake juya duwatsu don neman fara da ƙwari, yake kuma yage ruɓaɓɓen itace ya zaƙulo tsutsa. A tsaunukan Kaikoura an gan shi yana tona ramukan wasu tsuntsayen teku, yana fito da 'ya'yansu masu kitse yana ci.

Wahalar tana zuwa ne da hunturu, wanda a can yake kamawa daga Yuni zuwa Agusta. Ƙanƙara ta rufe ƙasa, 'ya'yan itace sun ƙare, ga shi kuma daga Yuli wasu matan sun fara kwanci a ramuka ƙarƙashin saiwoyi, namiji ne ke amayo musu abinci. A irin wannan lokaci babu abin da ya kai kitse daraja.

Turawa makiyaya sun hau da tumaki wuraren nan a tsakiyar ƙarni na 19. Kafin ƙarshen shekarun 1860 aka fara ganin tumaki da raunuka a gadon baya, daidai saitin ƙoda. Kea kan sauka a bayan tunkiya, galibi da dare, ya kafa farce cikin ulu, ya tuge gashin, ya huda fata har ya kai ga kitsen da ke ƙasa. Wanda ya san yadda carki ke maƙalewa a bayan saniya yana tsattsagar miki zai gane yanayin, sai dai na kea ya fi zurfi nesa ba kusa ba. Sau da yawa ba raunin ke kashe dabbar nan take ba. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga su gurɓata jini, ko kuma tunkiyar ta firgita ta faɗa kwazazzabo.

Daga nan aka sa lada a kan bakin kowane kea da aka kawo. An ƙiyasta cewa an kashe kusan 150,000 tsakanin wajen 1870 da 1970. Duk tsawon lokacin masana na gardama kan ko da gaske kea na afka wa lafiyayyun tumaki kamar yadda makiyaya ke faɗa. A 1962 J.R. Jackson ya rubuta cewa tumaki marasa lafiya ko waɗanda ƙanƙara ta riƙe ne tsuntsun ke afka wa. A farkon shekarun 1990 aka ɗauki hoton bidiyo da dare, aka ga kea a kan lafiyayyar tunkiya. Makiyayan ba ƙarya suka yi ba ke nan. Amma tsiraru ne ke wannan ɗabi'a, kuma hukuncin da aka yanke wa jinsin gaba ɗaya ya wuce laifin da nisa. Sai a 1986 ya samu cikakkiyar kariyar doka. Yau abin da ya rage tsakanin 3,000 ne da 7,000, kuma a 2017 aka sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Yanzu haɗarin ya koma wajen abin da mutane ke bari a fili. A wurare irin su ƙauyen Arthur's Pass da ke cikin tsaunuka, masu yawon buɗe ido kan miƙa masa burodi da soyayyen dankali. Tsuntsun da ya ƙoshi cikin minti kaɗan ba ya sake fita tono. Ragowar yinin sai ya ƙare a gefen titi inda mota ke buge shi, ko a kan rufi yana taunar duk abin da ya samu. Tsofaffin gine-gine na da ƙusoshi masu kan dalma, ita kuwa dalma tana da taushi da ɗan zaƙi. Tana taruwa a jini, ta kawo amai da kasala, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Maganin shi ne a cire ƙusoshin a sa na ƙarfe, aikin da ƙungiyar Kea Conservation Trust, wadda aka kafa a 2006, ke yi tare da hukumar kare muhalli ta ƙasar. An kuma samu kea da cakulan ya kashe.

Mafi sarƙaƙiya shi ne batun wata guba da ake kira 1080. A shekarar da tawhai ta zubar da iri da yawa, ɓeraye kan yi ambaliya, sai wata ƙaramar dabba mai kama da tunku, wadda aka shigo da ita a shekarun 1880 don ta kashe zomaye, ita ma ta yawaita, ta shiga ramukan kea tana cinye ƙwai da 'ya'ya, wani lokaci har da uwar. Don rage su ake watsa dunƙulen hatsi mai guba daga jirgi mai saukar ungulu. Sheƙa kan tsira sosai bayan haka, amma wasu kea na cin dunƙulen, kamar guda bakwai da suka mutu a yankin Fox Glacier a 2008. Bincike ya nuna waɗanda suka saba da abincin mutane su ne suka fi ɗaukarsa, na can cikin daji kuwa ba kasafai suke taɓa shi ba.