Gundumar Greer: ta kwana a Texas, ta wayi gari a Oklahoma

Ina Greer take, kuma wa ya kafa ta?

Gunduma ce ta manoma da masu kiwon shanu a kudu maso yammacin jihar Oklahoma, a Amurka. Sai dai ba Oklahoma ce ta haife ta ba. Majalisar dokokin Texas ce ta ƙirƙire ta a 1860, ta raɗa mata sunan John Alexander Greer, tsohon mataimakin gwamnan jihar. Sunan ya daɗe a takarda kawai, don sai a 1886 aka kafa mata hukuma, garin Mangum ya zama hedikwata.

To me ya jawo rigimar iyaka?

Kogi ne. Yarjejeniyar da Amurka da Sifaniya suka ƙulla a 1819, lokacin Texas tana hannun Sifaniya, ta ce iyakarsu za ta bi kogin Red River har zuwa layin digiri 100 na yamma. A baki abu mai sauƙi. Amma in ka bi kogin ka nufi mafarinsa, tun kafin ka kai wannan layi zai rabu gida biyu. Texas ta kafe cewa reshen arewa shi ne uwar kogi. Gwamnatin tarayya ta ce atafau na kudu ne, wanda ake kira Prairie Dog Town Fork. Tsakanin rassan nan biyu kuwa akwai fili kimanin eka miliyan ɗaya da rabi, ka ga ba abin da za a bar wa juna don kunya ba ne.

A ganina Texas ta yi dabarar da aka saba: ta riga shiga, ta kafa kotu da makarantu, tana fatan zama ya zame mata hujja.

Dabarar ta ci?

Ba ta ci ba. A ranar 16 ga Maris, 1896, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa reshen kudu ne iyaka. A watan Mayu majalisar tarayya ta haɗe Greer da yankin Oklahoma.

Mutanen da suka riga suka yi gida da gona fa?

Ba a tashe su ba. An ba kowane mazauni damar riƙe eka 160, ya kuma sayi wata 160 a kan dala ɗaya kowace eka.

Greer ta yau ita ce ta da?

Ɓangarenta ce kawai. Da Oklahoma ta zama jiha a 1907, aka yanki gundumar Jackson da wani sashe na Beckham daga cikinta, a 1909 kuma aka fitar da Harmon. Mangum dai tana nan a matsayin hedikwata.