Koren Kunkurun Teku

Koren kunkurun teku, wanda masana ke kira Chelonia mydas, ɗaya ne daga nau'o'i bakwai na kunkurun teku da suka rage a duniya, kuma shi ne mafi girma a cikin masu taurin ƙoƙon baya. Babba yakan kai tsawon mita guda ko ɗan fiye, nauyinsa tsakanin kilo 100 da 200. Ƙoƙon bayansa ruwan ƙasa ne mai ratsi. Sunan ya samo asali ne daga kitsen da ke ƙarƙashin ƙoƙon, wanda yake kore-kore. Ana samun sa a tekuna masu ɗumi, daga Atlantika zuwa Fasifik, da tekun Indiya da Bahar Rum.

Ya sha bamban da kunkurun daji da kififiyar kogi da muka sani. Ba ya iya janye kansa cikin ƙoƙo, kuma ƙafafunsa na gaba dogaye ne, shimfiɗaɗɗu kamar filafilin kwale-kwale. Huhu gare shi, dole ya leƙo sama ya shaƙi iska, amma idan yana hutawa yakan yi sa'o'i a ƙarƙashin ruwa. Hawayen da ake gani a idon macen da ta fito tudu, gishirin da ya yi wa jikinta yawa ne take fitarwa ta wasu ƙullutai da ke kusa da ido.

A duk danginsa shi kaɗai ne ke komawa cin ganye idan ya girma. Yana ƙarami yana cin ƙananan halittun ruwa, daga baya sai ya koma kiwon ciyawar teku da gansakuka a ruwa mara zurfi. Yakan datse saman ciyawar ne ya bar saiwa, sai sabon tsiro ya fito.

Haihuwa da ƙaura

Ba ya balaga sai ya shekara 20 zuwa 40. Daga nan, duk bayan shekara biyu zuwa huɗu, mace takan bar wurin kiwonta ta nufi yankin gaɓar da aka ƙyanƙyashe ta. Waɗanda ke kiwo a gaɓar Brazil suna ninƙayar fiye da kilomita 2,000 zuwa Ascension, ɗan tsibiri a tsakiyar Atlantika. Bincike ya nuna maganaɗisun ƙasa na cikin abubuwan da ke yi musu jagora. Abin mamaki ne a ce dabbar da ta bar wuri tana ƙasa da tafin hannu ta gano shi bayan shekaru talatin.

Da dare take fitowa, tana jan jiki da ƙyar a kan yashi. Ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai kimanin 100 zuwa 120, ta rufe, ta koma ruwa. Takan sake fitowa bayan kamar mako biyu, sau da yawa a kaka guda. Bayan wata biyu 'ya'yan su fasa, su fito tare cikin dare, su nufi inda haske ya fi, wato wajen teku. Ƙaguwa da tsuntsaye da kifaye na jiran su, kaɗan ne ƙwarai ke kai wa girma.

Zafin yashi ne ke yanke ko mace za a samu ko namiji. Idan ya haura digiri 29 a ma'aunin Selsiyos mata ke rinjaye, idan ya yi ƙasa maza. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano cewa kashi 99 cikin 100 na matasan da suka fito daga arewacin Great Barrier Reef, dogon jerin duwatsun murjani da ke tekun Ostireliya, mata ne. Tsibirin Raine da ke wannan yanki shi ne wurin saka ƙwai mafi girma a duniya. Akwai kuma Tortuguero a Kosta Rika. A Afirka, tsibirin Poilão na Gini Bisau ne kan gaba, kuma da yawa daga masu saka ƙwai a can suna kiwo ne a Banc d'Arguin na Muritaniya.

Barazana da kariya

Namansa da ƙwansa ne suka jawo masa halaka. A 1503 matuƙin jirgin ruwa Christopher Columbus ya ga kunkuru da yawa a tsibiran Cayman na tekun Karibiyan, har ya raɗa wa tsibiran suna Las Tortugas, wato kunkuru da harshen Sifaniyanci. Matuƙan jiragen ruwa sun riƙa kife su a jirgi da ransu domin guzurin nama, miyarsu kuma ta zama abincin alfarma a Ingila, har garken Cayman ya kusa ƙarewa. Yau kuma ragar masunta na kama shi ya kasa fitowa shan iska, yana haɗiye leda, fitilun gine-ginen bakin teku na ɓatar da 'ya'yansa su nufi tudu. Akwai kuma wata cuta mai fito masa da ƙari a ido da wuya.

Masanin Amurka Archie Carr ya fara bibiyar waɗannan kunkuru a Tortuguero tun shekarun 1950. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai a duniya, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, Amurka ta saka shi cikin dokar kariya a 1978, aka kuma ƙirƙiro ƙofar tsira a ragar kamun jatan lande. Dabbar da ke ɗaukar shekaru kafin ta haihu ba ta farfaɗowa da wuri, shi ya sa sai a Oktoban 2025 ƙungiyar IUCN mai kare halittu ta duniya ta cire shi daga jerin masu fuskantar ƙarewa, bayan ƙiyasin cewa yawansa ya ƙaru da kusan kashi 28 cikin 100 tun shekarun 1970. Wannan lissafi na duniya ne baki ɗaya. A wasu yankuna har yanzu adadin bai dawo ba, kuma a Raine hauhawar ruwan teku na nutsar da ramukan ƙwai, har ta kai ma'aikata suka ƙara tudun yashin gaɓar da motocin haƙa.