Harajin ciniki a kan kayan ɗaukar hoto da ake saye ta intanet a Amurka

Harajin ciniki a kan kayan ɗaukar hoto da ake saye ta intanet shi ne kuɗin da jihohin Amurka ke karɓa a kan kamara, gilashinta, fitilun ɗaukar hoto, ƙafar kamara da makamantansu, idan mazaunin wata jiha ya yi odarsu daga kantin da ke wata jihar. Harajin ɗaya ne da wanda ake biya a kan takalmi ko firji. Abin da ya sa batun ya fi zafi a kasuwar kamara shi ne kayanta na da tsada, kuma manyan kantunan da ke sayar wa ƙasar baki ɗaya suna birnin New York. Shekaru da dama masu saye daga sauran jihohi suna karɓar kayansu ba a caje su ko sisi na haraji ba, har zuwa 2018 da Kotun Ƙolin Amurka ta sauya ƙa'idar.

Tsarin harajin

Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da harajin ciniki na bai-ɗaya. Jihohi ne ke sanya shi, kuma da yawansu sun fara ne a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe suka rasa kuɗin shiga. Yau jihohi 45 da gundumar babban birnin tarayya suna karɓarsa. Biyar ne ba su da shi: Alaska, Delaware, Montana, New Hampshire da Oregon, ko da yake a Alaska wasu ƙananan hukumomi na karɓar nasu. A jihohi da yawa birane da gundumomi na ƙara nasu kason a kan na jiha, shi ya sa adadin ke bambanta daga gari zuwa gari. Mafi ƙanƙanta a Kalifoniya kashi 7.25 cikin ɗari ne, a birnin New York kuwa jimillar ta kai kashi 8.875.

Kowace jiha mai wannan haraji tana da abokin tafiyarsa, wato harajin amfani. Idan mutum ya sayo kaya daga wata jiha ba a karɓi haraji a hannunsa ba, doka ta wajabta masa ya kai wa jiharsa daidai abin da da zai biya a kantin unguwarsu. Kotun Ƙoli ta halatta irin wannan haraji tun 1937, a wata shari'a da ta taso daga jihar Washington. Ke nan kamarar da ake yi wa kirari da marar haraji bashin haraji na kanta tun fil'azal. Abin da aka rasa shi ne mai karɓa, domin mutane ƙalilan ne ke rubuta irin wannan sayayya a takardar harajinsu ta shekara, jihohi kuma ba su da hanyar bin kowane kwali da ya shigo ta gidan waya.

Sharaɗin zama a cikin jiha

Tushen matsalar ya girmi intanet. A wata shari'a da aka yanke a 1967, jihar Illinois ta nemi tilasta wa kamfanin National Bellas Hess, wanda ke Missouri yana sayar da kaya ta hanyar aika wa mutane littafin talla a gidan waya, ya riƙa karɓar mata haraji. Kotun Ƙoli ta hana, ta ce jiha ba ta da ikon ɗora wannan aiki a kan ɗan kasuwar da ba shi da shago, ofis, sito ko ma'aikaci a cikinta. A 1992 maganar ta sake dawowa a shari'ar kamfanin Quill, mai sayar da kayan ofis, da jihar Dakota ta Arewa. Kotun ta tabbatar da sharaɗin bisa sashen tsarin mulki da ya ba majalisar tarayya ikon tsara kasuwanci tsakanin jihohi, ta kuma ce majalisar na iya sauya shi in ta ga dama. A wannan shekarar babu kasuwannin intanet irin su Amazon da eBay. Hukuncin da aka yanke domin masu littafin talla shi ya zama ƙa'idar cinikin intanet har shekara 26.

Yadda ta kasance a kasuwar kamara

Manyan masu ƙera kamara irin su Canon, Nikon da Sony suna gindaya wa dillalansu na Amurka mafi ƙarancin farashin da za su tallata sabon kaya. Saboda haka sabuwar kamara kusan kuɗinta ɗaya ne a ƙaramin shago da babban kanti, kuma dillalin gari ba shi da damar yin ragi sosai don ya riƙe mai saye. Da farashi ya zama ɗaya, sai haraji ya zama shi ne bambancin. Kamarar dala 3,000 a wurin da ake karɓar kashi 7.25 tana ɗauke da harajin dala 217.50, kuɗin da zai sayi batir da katin ajiyar hoto har a samu canji. Mai ɗaukar hoton biki da zai haɗa kamara biyu da gilasai uku yana iya ganin bambancin ya haura dala dubu.

Kantuna biyu na New York suka fi cin moriyar wannan yanayi: B&H Photo Video, wanda aka kafa a 1973, da Adorama. Dukansu sun yi suna tun zamanin da ake odar kaya ta tarho bayan an ga talla a mujallun ɗaukar hoto, kuma da yake ba su da rassa a faɗin ƙasar, jihohi kaɗan ne ke da ikon sa su karɓi haraji. Babu dokar da suka karya. Amma masu shagunan kamara na sauran garuruwa sun daɗe suna kuka da wata ɗabi'a: mutum ya shigo ya ɗauki kamara ya gwada, ya cinye wa ma'aikaci lokaci da tambayoyi, sannan ya koma gida ya yi oda daga nesa. Kukan nasu na da hujja, domin shagon da ke biyan haya da albashi a garin, wanda kuma shi za a kawo wa kamarar in ta samu matsala, shi ne doka ta sa kayansa suka fi tsada. Haraji dai ba shi kaɗai ya rufe irin waɗannan shaguna ba. Mutuwar sana'ar wanke fim da zuwan wayoyi masu kamara sun yi musu ɓarnar da ba ta gaza wannan ba.

Hanyar zuwa shari'ar Wayfair

Jihohi ba su zauna ba. A 2008 New York ta yi dokar da aka fi sani da dokar Amazon, wadda ta ɗauki masu tallata kamfani a shafukansu daga cikin jihar tamkar wakilansa. A 2010 Colorado ta wajabta wa 'yan kasuwar waje su sanar da masu saye bashin da ke kansu, su kuma kai wa hukuma rahoto. A 2013 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin da zai ba jihohi ikon karɓa, amma ya maƙale a Majalisar Wakilai. Da rigimar dokar Colorado ta isa Kotun Ƙoli a 2015, mai shari'a Anthony Kennedy ya rubuta cewa lokaci ya yi da za a sake duba hukuncin Quill.

Dakota ta Kudu, jihar da ba ta karɓar harajin kuɗin shiga kuma ta dogara sosai ga harajin ciniki, ita ta amsa wannan kira. A 2016 ta yi doka da gangan don a kai ta kotu: duk ɗan kasuwar da cinikinsa a jihar ya wuce dala 100,000 a shekara, ko ya yi ciniki 200, dole ya karɓi haraji ko da bai taɓa taka jihar ba. Ta shigar da ƙarar kamfanonin cinikin intanet uku: Wayfair, Overstock da Newegg. Ranar 21 ga Yuni, 2018, alƙalai biyar cikin tara suka goyi bayanta, Kennedy ya rubuta hukuncin, aka soke sharaɗin zama a cikin jiha. Alƙalin Alƙalai John Roberts, wanda ya jagoranci huɗun da suka saɓa, ya yarda tsohuwar ƙa'idar kuskure ce, amma ya ce gyaranta aikin majalisa ne, ya kuma nuna damuwa da nauyin da zai hau kan ƙananan 'yan kasuwa a ƙasar da ke da hukumomin haraji sama da 10,000.

Halin da ake ciki bayan hukuncin

Cikin 'yan shekaru duk jihohin da ke da harajin ciniki suka yi irin wannan doka. Kalifoniya da Texas sun sa iyakarsu a dala 500,000. Florida ta bi sahu a 2021, Missouri ta zama ta ƙarshe a farkon 2023. An kuma yi dokokin da suka ɗora wa kasuwannin intanet irin su Amazon da eBay alhakin karɓar haraji a madadin masu baje kaya a cikinsu, abin da ya shafi cinikin kamara ta hannu, wanda da yawansa a nan ake yin sa. Ana lissafa harajin ne bisa adireshin da za a kai kayan, don haka mutum biyu za su sayi gilashi iri ɗaya a kanti ɗaya su biya kuɗi daban.

A 2019 B&H ya fito da katin bashi mai suna Payboo. Kantin yana cajin harajin ya miƙa wa jiha yadda doka ta ce, sannan ya rage wa mai saye daidai wannan adadi in da katin ya biya. Ga wanda ke biyan bashinsa duka a ƙarshen wata, ragi ne na gaske. Wanda ya bar bashin ya kwana kuwa, kuɗin ruwan katin na da yawan da zai iya cinye ragin cikin 'yan watanni. Dillalin da ya sayi kaya don ya sake sayarwa yana iya gabatar da takardar shaidar hakan a ɗauke masa harajin, amma mai sana'ar hoto da zai yi aiki da kamarar, a yawancin jihohi, biya zai yi kamar kowa.

Masu saye daga ƙasashen waje, har da masu ɗaukar hoto da 'yan fim na Nijeriya, dokar tana taɓa su ta wani ɓangare. Kayan da kanti ya aika kai tsaye zuwa wata ƙasa ba a cajin harajin jiha a kansu, amma in an ba da adireshin ɗan'uwa a Texas ko New York don ya taho da su, harajin wannan wuri zai hau. Wannan ne ya sa kamfanonin tura kaya da dama ke ba abokan cinikinsu adireshin sito a Delaware ko Oregon. Idan kayan suka iso Nijeriya, akwai kuɗin kwastam da harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020.