Haɗa gaɓoɓin gada a samfurin layin dogo mai hanya biyu

Haɗa gaɓoɓin gada aiki ne da masu gina ƙaramin samfurin layin dogo ke yi idan gadar da aka sayo ba ta kai tsawon kwarin da za ta ƙetare ba, ko kuma an ƙera ta don hanya ɗaya alhali jirage biyu ne za su riƙa giftawa a kanta. Ana jera gaɓoɓin a tsawo, baki da baki, ko a faɗi, gefe da gefe. Abu biyu ne ke mulkin aikin gaba ɗaya: tazarar da ke tsakanin tsakiyar hanyoyin biyu, da kuma tsayin saman ƙarfen dogo.

A ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87, faɗin hanya, wato tsakanin ƙarafan dogo biyu, milimita 16.5 ne, kuma a miƙaƙƙen layi an saba barin inci 2, kimanin milimita 51, daga tsakiyar hanya zuwa tsakiyar 'yar'uwarta. A ma'aunin N, kashi 1 cikin 160, faɗin milimita 9 ne, kuma hanyoyin kamfanin Kato masu layi biyu suna da tazarar milimita 33. A kwana dole a ƙara tazarar, domin dogon tarago yakan leƙa da cikinsa ta ciki, ya leƙa da kusurwoyinsa ta waje.

Mafi sauƙin haɗawa a faɗi ita ce gadar da azarunta ke ƙarƙashin dogo. Ba abin da ya ɗago sama da hanya, don haka ana ajiye biyu kusa da juna a kan ginshiƙi mai faɗi, shi ke nan. Wahalar tana ga gada mai azara a gefe da gada mai saƙar ƙarfe wadda jirgi ke ratsa cikinta. A HO, kowace hanya tana buƙatar fili na kimanin milimita 26 daga tsakiyarta zuwa bango. Idan aka jera biyu, filin ya zama 52 tun ba a lissafa kaurin bangayen biyu ba, ya riga ya wuce 51. Mafita uku ce. Ana iya buɗa hanyoyin a hankali tun kafin su iso gadar, a sake matse su bayan sun wuce. Wannan yana cin wuri amma ba ya buƙatar yanka. Ana iya cire bango ɗaya a bar na tsakiya ya yi wa hanyoyin biyu aiki, ko da yake a nan ma sai an ɗan buɗa. Ta uku ita ce a cire bangayen ciki duka, a yanke azarun da ke gicciye a ƙasan gadar, a sada su da sabon tsinken roba mai kauri ɗaya. Ita ta fi kyan gani, amma gadar gaske mai ɗaukar jirage biyu takan fi tsawon bango da kaurin ƙarfe, saboda haka gadar da aka faɗaɗa da siraran bangayenta na asali takan yi kama da wadda ba za ta iya kayan ba. Idan akwai saƙa a sama, ita ma sai an tsawaita ta, a tabbatar an bar kimanin milimita 76 daga saman dogo.

Wajen jerawa a tsawo, kuskuren da aka fi yi shi ne aunawa daga ƙasa. Gaɓoɓi iri dabam ba zurfinsu ɗaya ba, don haka ginshiƙin da gaɓa mai zurfi ta haɗu da marar zurfi ana yi masa mataki, ko a ɗora wa gefe guda ƙaramin dakali. Dabarar da ta fi dacewa ita ce a kife gaɓoɓin da samansu ke shafe a kan gilashi, a jingina su da miƙaƙƙen ƙarfe, a manna su a haka. Saman zai fito daidai, sai a yanke ginshiƙai gwargwadon abin da ya rage. Doguwar gada tana son a ɓoye bututun almini ko na tagulla a cikinta don kada ta lotsa. Gam mai narkar da roba ba ya kama ƙarfe. Can sai gam mai saurin bushewa ko mai haɗi biyu. A yi fenti kafin a rufe cikin saƙar.

Kada mahaɗar dogo ta faɗo daidai kan mahaɗar gaɓoɓi. Gara a shimfiɗa dogo guda mai lanƙwasuwa ya ratsa gadar, ya zarce 'yan santimita kan tudu ta kowane ɓangare. A can ake barin 'yar tazara kamar rabin milimita, domin katakon tebur yana kumbura yana tsukewa da laima, kuma dogon da aka matse yakan karkace. Idan tsayin dogon gada ya bambanta da na hanya, misali mai lamba 83 da mai lamba 100 (lambar tana nuna tsayin ƙarfen dogo), akwai bambancin kimanin milimita 0.4, wanda ya isa ya sa ƙafar tarago ta yi tsalle. Sai a sa mahaɗi na musamman ko a tokare na ƙasan. Kowace hanya a ba ta wayoyinta na lantarki, a bi da su ta bayan ginshiƙi. Gadar ƙarfe kuwa kada ta taɓa dogo, in ba haka ba wuta za ta haɗu.

A kwana, azara ba ta lanƙwasa. Dogo ne ke lanƙwasa a kan gajerun gaɓoɓi miƙaƙƙu. Ana gane yawan kaucewarsa ta ninka tsawon gaɓa da kansa, a raba da takwas sau nisan kwana daga cibiyarta. Gaɓa mai milimita 230 a kwana mai nisan milimita 610 daga cibiyarta tana ba da kusan milimita 11. Idan aka raba gaɓar biyu, kaucewar ta koma ƙasa da 3. Kafin a manna komai, a tsayar da tarago mafi tsawo a kowace hanya, a tura su da hannu su gifta juna a tsakiyar gadar da kuma bakinta biyu.